Motar da Take Mutuwa Bayan Girei

Tun kafin a fara jin labarin tashin hankali a ƙasar nan, da tsoro nake kwana, da shi nake tashi. Ranar da aka ce mini wanda zan aura direba ne, mai a-kori-kura da yake kwaso masara da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa kasuwar Jimeta, ƙawayena murna suka taya ni, ni kuwa tsorona ne ya ƙaru. A Jambutu na taso, gidanmu bakin titi, na sha ganin yadda ake kawo labarin direbobi: wani ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya ce a kira masa babba. Shi ya sa tun ina amarya na koyi sauraron motar babanku. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai in jiyo ta tun daga kwanar masallaci, in ware ta daga sauran motoci. In ban ji ta ba, abinci ba ya wuce mini wuya. Babanku yakan ce da ana ɗaukar mutum aikin fargaba, da tuni an ba ni ofis a sakateriya har da fanka.

Kun san ban yi nisa a boko ba. Wannan hannun ma a ajin manya na gyara shi, in kun ga kuskure ku tsallake. Abin da nake so ku sani ya faru ne a shekarar da mutane suka cika garin nan, lokacin ke Nana kina yawo da ɗan kamfai a tsakar gida, kai kuma Abba kana goye a bayana.

Damina tana ƙarewa aka fara shigowa. Daga arewa suke zuwa, ta gadar Binuwai, wasu a bayan tirela, wasu a ƙasa da ƙafafu a kumbure. Kowane gida a layinmu ya karɓi baƙi. Masallatai da coci-coci sun cika, makarantu sun cika. Ba ka tambayar mutum daga ina, sai dai ka miƙa masa ruwa. A cikin waɗannan kwanakin ne Goggo, yayar kakanku, ta iso mana da zane ɗaya da buta. Ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shiga ɗaki sai da ta faɗi abin da ya kawo ta. Ita da Baaba, kakanku, tare suka fito daga garinsu. Shi yana da ciwon suga da miki a ƙafa, tafiya ta gagare shi. Aka tura shi a baro har wani ƙauye gaba da Gombi, gidan wani manomi abokinsa, aka bar shi a can. Shi ya kore ta, ya ce ta je ta gaya wa Sambo ya zo da mota. Sambo shi ne babanku, haka 'yan gidansu suke kiransa.

Goggo duk rayuwarta man gyaɗa da man shanu take sayarwa. Mace ce da ba ta iya zama hannu sake, kuma zaman gidan wani ya yi mata nauyi ko da gidan ɗanta ne. Tun da ta ji cewa motar nan ce za ta ɗauko ɗan'uwanta, sai ta mai da ita kamar mara lafiyar da ake jinya. Ana idar da asuba za ta fita da tsumma ta goge gilashi, ta share bayan motar, ta tofa addu'a a tayoyi. A lokacin mai ya yi wuya, a hannun 'yan bumburutu babanku yake samu a jarka, ya juye da mazurari. Goggo ta ji warin fetur yana tashi daga bakin tanki, ta ce ai wannan ɓarna ce, man yana guduwa a iska. Ta yanko baƙar leda ta ninka, ta shimfiɗa a bakin tankin, ta murɗa murfi a kai tamau, yadda take yi wa jarkokinta na man gyaɗa in za a kai kasuwa. Duk mun gani. Babu wanda ya ce komai, don a garin nan babu jarkar da za ka buɗe ba ka tarar da leda a ƙarƙashin murfinta ba.

Babanku ya kama hanya da safe. Ban kai ga ɗora tukunyar rana ba sai na jiyo motar a kwanar masallaci. Ya shigo fuska a murtuke. Ya ce lafiya lau ya haye gada, ya wuce Girei, yana cikin tafiya sai ta fara shaƙewa, in ya taka totur sai ta yi baya-baya kamar ana riƙe ta, can ta mutu. Ya buɗe gaba ya duba wayoyi, ya hura tiyo, ya jira, ya buɗe tanki ya zura kara don ya ga ko mai ne ya ƙare, saboda allurar da ke nuna mai ta daɗe da lalacewa. Mai na nan. Da ya sake murɗa makulli sai ta tashi kamar ba ita ba. Amma bai yarda ya ci gaba ba. Wani soja a shinge ya riga ya gaya masa cewa motar da ta tsaya kusa da su ba dalili ba tambaya za a yi mata ba, kuma gaba da Song in ta mutu maka babu mai tsayawa ya tura ka. Sai ya juyo don a gyara. Hanyar dawowa kuwa ko tari ba ta yi ba.

Makanikensa Oga Uche ne, mutumin kudu da ya girma a Jimeta, garejinsa yana bayan kasuwa. 'Yan'uwansa sun dame shi da waya ya tattara ya koma gida, ya ce shi ba inda za shi, duk motocin da ya sani a nan suke. Ran nan har gida ya biyo babanku da akwatin kayan aikinsa, ya cire matacin mai ya ɗaga mana a rana.

"Sambo, duba nan. Wannan filta ne ko kunun kanwa? Mota ba shi da laifi. Mai na jarka nan, rabi ƙasa ne, rabi tsatsa."

Goggo ta ce, "Kai ɗan nan, gyara za ka yi ko wa'azi?"

"Mama, duka biyu. Wa'azi kyauta ne."

Ya sa sabon filta, ya wanke kafireta da fetur a kwano, ya zagaya da ita unguwa, tana ta gurnani lafiya. Washegari Goggo ta yi mata hidimarta ta asuba, babanku ya tafi. Kafin azahar ya dawo. A wuri ɗaya ta mutu, ɗan gaba da Girei, kusa da wata bishiyar tsamiya. Oga Uche ya ce to ruwa ne a cikin man. Ya kwanta a ƙarƙashin motar ya kwance tankin ta ƙasa, ya tsiyaye man a baho, ya nuna mana ruwan da ya kwanta a gindi kamar idon kifi. Aka tace man da ƙyalle aka mayar. Ta sake mutuwa a gindin tsamiyar. Ya ce saura abu ɗaya, famfon da yake jawo mai daga tanki ya gaji. Ya zagaye 'yan kayan gyara ya samo wani, ya ɗaura, ya cire tiyo ya sa babanku ya murɗa makulli, mai ya yi tsartuwa har ya jiƙa masa riga. Ya ɗaga hannu sama ya ce in ta sake mutuwa shi ya bar kanikanci ya koma sayar da doya. Ta sake mutuwa.

Daga nan magana ta fara yawo a layi. Mota ce da in ta fuskanci arewa sai ta mutu, in ta juyo gida sai ta yi ta gudu kamar an biyo ta. Masu shayi suna dariya suna cewa motar Sambo ta fi shi hankali. Wasu suka ce jifa ne, a nemo malami. Goggo ba ta dariya. Duk dawowar da ya yi za ta zagaya motar ta buɗe murfin tanki ta tafa hannu.

"Kulu, zo ki ga sakarcin mijinki. Kullum sai ya yar mini da leda a hanya. Man da ake wahalar samu!"

Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, duk ranar da na jiyo motar a kwanar masallaci sai wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ina son Baaba, shi ya raɗa maka suna, Abba, sunansa ka ci. Amma labaran da baƙi suke bayarwa na hanyar nan ba na maimaitawa ba ne, kuma ina da ku biyu. Fargaba ta sa nonona ya ɗauke, na koma ba ka madarar gwangwani a fida, Goggo tana ta mita wai yaran zamani da roba ake rainonsu.

Sai Hamma Buba ya kira, yayan babanku da yake aikin gwamnati a Abuja. Wayar babanku ta lalace, sai a amsa-kuwa take magana, don haka duk tsakar gida muka ji.

"Sambo, wace irin mota ce wannan da take zaɓar inda za ta mutu? In tsoro kake ji ka faɗa mini, in nemi wanda yake da zuciya. Ubanka yana kwance a gidan mutane ƙafa tana ruɓewa, kai kana yawo tsakanin Girei da cinyar matarka."

Babanku ya ce, "Hamma, wallahi motar ce."

"Motar ce. To Allah ya ba motar lafiya."

Ya kashe. Goggo ta tashi ta shige ɗaki. Ni na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share.

Da gari ya waye na ce zan bi shi ya sauke ni a Girei, gidan Adda Mairo, yayata da take aure a can. Na gaji da zaman jiran kunne, kuma ba na iya kallon Goggo tana safa da marwa tsakanin ƙofa da ɗaki. Na bar ki wurin Goggo, Nana, na goyi Abba na shiga gaba. Wannan ne karo na farko da na zauna a cikin motar tana doguwar tafiya. Muka haye gada, ruwa ya cika kogin har bakin gonaki, mutane suna ta tahowa ta ɗaya hannun da ƙullin kaya a ka, mu kaɗai muke fuskantar inda suka baro. Na ce masa kada ya tsaya a gidan Adda tukuna, ya wuce har tsamiyar nan, ina so in ji abin da motar take yi da kunnena. Ya harare ni, amma ya wuce.

Na ji ta tun kafin ya ji. Muryarta ta fara sirancewa, kamar mai magana da numfashi ya kusa ƙare masa. Ta ja, ta saki, ta ja, ta saki. Muna hango tsamiyar ta yi shiru. Ya gangara da ita gefen hanya, ya fita ya buɗe gaba. Na sauka na zauna a inuwa, don ka fara kuka, Abba. Na ciro fida na sa maka a baki. Ka ja, ka ja, sai ka saki ka ƙwala ihu. Na duba, kan robar ya manne ya shafe, madara ta ƙi fitowa. Na san wannan, kullum yana faruwa in na murɗa murfin da ƙarfi. Na ɗan sassauta shi, ya yi 'yar ƙara, kumfa ta tashi a cikin madarar, robar ta miƙe, ka ci gaba da sha. A daidai lokacin babanku ya gama dube-dubensa a gaba, ya zagayo da karansa ya kama murfin tanki. Sai da ya sa hannu biyu. Da ya buɗe, tankin ya ja iska, dogon ja, fuuu, har ƙarfen ya yi ƙara kamar an saki gwangwanin da aka matse. Baƙar ledar Goggo ta faɗo, ya sa ƙafa ya ture ta, ya zura kara.

Na dubi fidar da ke hannuna, na dubi ledar a ƙasa. Ban san komai game da inji ba, har yau ban sani ba. Amma na san abin da ake tsotsa ba ya bayarwa in an toshe masa iska. Kuma na tuna kullum da leda yake fita, ba leda yake dawowa.

Na san abin da zai biyo baya in na buɗe baki. Ba gida za mu juya ba. Zai sauke ni ya wuce, ya shiga hanyar da kowa yake gudowa daga cikinta. Ina nan zaune sai na ga ya yar da karan, ya tsuguna a gindin taya ya dafe kai. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Bai dube ni ba ya yi magana.

"Kulu, ko dai Hamma gaskiya ya faɗa? Ko tsoron da ke cikina ne yake sauka a ƙafata ban sani ba?"

Tun da na aure shi ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Na ga in muka juya gida yau, da raina da nasa za mu koma, amma ba wannan mutumin zan ci gaba da zama da shi ba.

Na ce, "Baban Nana, ka ji abin da tankin nan ya yi da ka buɗe?"

"Kullum haka yake yi."

"Kullum da ka fito da leda. Da can yana yi?"

Ya ɗago kai. Na miƙa masa fidar na murɗe murfin tamau, na ce ya tsotsa. Ya ce ke kina da hankali kuwa, a bakin titi? Na ce ya tsotsa dai. Babanku, da gemunsa da komai, ya tsaya a gefen hanyar Song yana shan madarar jariri. Robar ta manne. Na sassauta murfin, ta miƙe. Ya tsaya yana kallona, madara a leɓensa. Sai ya ciro waya ya kira Oga Uche.

"Wane leda?" in ji Oga Uche. "Ni ban taɓa ganin leda ba!"

"Ina yar da ita a hanya kafin in zo wurinka."

"Chineke! Sambo, ka kashe ni! Juya murfi nan, duba cikinsa, akwai ƙaramin rami kamar na allura. Hura shi. Iska ya fita?"

"Ya fita."

"To nan ne hancinsa! Famfo yana jan mai, iska dole ya shiga ya cika wurin. Ka toshe masa hanci, ka ce ya yi gudu? Ni ina nan ina canja filta, ina canja famfo, ina tunanin doya! Wa ya gane?"

"Maman Nana."

"Madam! Gobe ki zo gareji, na ba ki aiki. Sambo, rufe tanki ba leda, ka tafi. In ya mutu, ni da ƙafa zan zo in tura ka."

Ya juyo ya sauke ni a ƙofar gidan Adda Mairo. Bai kashe motar ba. Na riƙe ƙofar na kasa saki, sai da ya sa hannu ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce in yi masa addu'a in daina kallonsa haka. Na tsaya har ƙurarsa ta kwanta.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Gaba da Song babu sabis, wayarsa ba ta shiga. Gidan Adda cike yake da baƙi, kowa da labarinsa, na roƙe su kada su ba ni ko ɗaya. Aka rufe hanya da yamma bai dawo ba. Adda ta sa ni tsinar shinkafa, na gama ta juye ta ce in sake. Washegari na fita bakin titi da kai a baya tun hantsi. Bayan azahar wata mota ta taho a hankali, bayanta ya kusa taɓa ƙasa, mutane a kanta har saman rufi, da akuya, da katifa, da keken ɗinki. Ni da nake taƙamar sanin muryarta, ban gane ta ba, nauyi ya sauya mata murya. Sai da ta tsaya a gabana na ga Baaba a kujerar gaba, ya rame ya yi baƙi, ƙafarsa naɗe da tsumma a kan akwati. Ya leƙo ya ce,

"Kulu, ina takwarana? An ce ya koma shan roba."

Na durƙusa a kan titi na gaishe shi, kuka ya hana ni ƙarasawa. Babanku ya ce tun daga tsamiya har ƙauyen ba ta yi ko gyatsa ba. Ya je ɗaukar mutum ɗaya, ya tarar da rabin ƙauye a bakin hanya, ya ɗebi iya waɗanda motar za ta iya ɗauka.

Kafin mu shiga mota ya ja ni gefe.

"Kada Goggo ta ji maganar ledar nan."

Na ce, "Hamma fa? Ai ya kamata ya san ba tsoro ba ne."

"In Hamma ya ji da safe, kafin la'asar ta ji. Kin ga ƙafar Baaba? Tana wari. In aka ce mata hannunta ne ya riƙe mu kwanakin nan, ba za ta ƙara cin abinci a gidana ba. Bar shi ya ce abin da zai ce."

Da muka isa Jambutu, Goggo ta fito ba ɗankwali. Ta tsaya a gaban ɗan'uwanta tana ta zaginsa da Fulatanci, tsoho mai taurin kai, wanda ya kore ta kamar kaza, tana zagi tana shafa masa fuska. Da aka shigar da shi ɗaki ta share hawaye, ta zagaya ta buɗe murfin tanki.

"Kin gani ko, Kulu? Ya sake yar da ita."

Babanku ya ce, "Ki yi haƙuri, Goggo. Famfon Oga Uche ne ya yi aiki, sai yau ya zauna daidai."

Bayan wannan ya yi ta komawa hanyar, don waɗanda ya bari a bakin titi sun tsaya masa a rai. Kowace asuba Goggo za ta ninka ledarta ta ɗaura. Shi kuma ya yi mata godiya, ya ja mota har kwanar masallaci inda ba ta hango shi, ya sauka ya cire ya sa a aljihu. Ranar wanki nakan tarar da su a rigunansa, baƙaƙe, a ninke, suna warin fetur. Oga Uche ma ya riƙe bakinsa, sai dai duk sanda ya gan ni ya ce ma'aikaciyarsa ta ƙi zuwa aiki. Tsorona bai tafi ba, kada ku ɗauka ya tafi. Sai dai na gane ina iya jin tsoro in kuma saki ƙofar mota.

A asibiti an yanke wa Baaba yatsun ƙafar nan. Likita ya ce da an kawo shi da wuri da wataƙila an tsirar da su. Ya rayu shekaru bayan haka, yana dogara sanda, yana zaune a ƙofar gida yana rabon alewa, kun san wannan da kanku. Hamma Buba bai manta maganar likita ba. Ya faɗe ta ranar ta'aziyyar Baaba a gaban mutane, ya sake faɗa a bikin 'yarsa da muka je bara, cewa da Sambo bai tsaya jan ƙafa ba da mahaifinsu ya shiga kabari da yatsunsa. Duka biyun Goggo tana zaune a wurin. Duka biyun babanku ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya yafe mana. Na ga fuskarki ranar bikin, Nana, na ga yadda kika dubi ubanki, kuma na ji abin da kika tambaye ni a hanyar dawowa na ce miki sai mun je gida. To ga amsar. Ba mugu ba ne Hamma, yana nesa ne lokacin, kuma mutum in yana nesa da uban da yake ciwo sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

Yanzu gari ya lafa. Da yawa daga waɗanda babanku ya kwaso sun koma sun gyara gidajensu, in kaka ta yi sukan aiko mana da gyaɗa. Motar tana nan, shinkafa take ɗaukowa daga gonakin Mbamoi. Goggo ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne garau, kuma har yau in baƙo ya zo sai ta ba shi labarin yadda ta yi jinyar motar da ta ceto ɗan'uwanta.

Abin da nake roƙonku ke nan, ku da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa. Goggo ba ta karanta boko, sai abin da aka karanta mata. Kada ku karanta mata wannan. Kada ku kai wa Hamma Buba muddin tana numfashi a gidan nan, ko da ya sake faɗar maganarsa a gabanku kuka ji kamar ku fashe. In ta ba ku labarin motar, ku ce mata sannu da ƙoƙari, Goggo. In babanku ya dawo daga gona da yamma, ku tashi ku karɓi kayan hannunsa.